Ɗan Hakin Da Ka Raina

Ni malamin makaranta ne a Ringim, ban taɓa koyon kanikanci ba. Abin da ya haɗa ni da sifana kuwa wata tsohuwar mota ce ƙirar Japan, ta shekarar 2005, wadda na gada daga wana, Allah ya ji ƙansa. Ita ce ƙafar gidanmu. Da ita na ke kai tsohuwarmu asibiti a Dutse kowane wata, da ita kuma na ke kwaso hatsi in kaka ta yi.

A cikin 2023, bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu, kome ya yi tsada, sai na fara ganin ɗigon baƙin mai a gindin darbejiyar da motar ke kwana. Ɗigo biyu ne ko uku, saboda haka ban kula ba. In mai ya ragu, in ƙara. Ana nan har wata uku, ran nan da asuba na tashe ta, sai na ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Gabana ya faɗi, don kuwa ba ni da kuɗin sabon inji.

To, muna da wani maƙwabci dattijo, wanda ya shekara talatin yana gyaran motoci a Kano kafin idonsa ya mutu. Na je na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce in ja shi wurin motar. Da zuwa ya zura hannu bayan inji, ya laluba, ya murza yatsunsa, ya sansana. Sa'an nan ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Tenshina ce ke yoyo."

Ga yadda ya bayyana mini. A cikin inji akwai wata sarƙa wadda ta haɗa ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasa, watau karanshaf, da ƙarafan da ke buɗe bawul a sama. In na ƙasa ya juya sau 2, na sama su juya sau 1, ba ƙari ba ragi. Tenshina kuwa wani ɗan ƙarfe ne kamar tsawon yatsa, mai harshe wanda sifirin da ƙarfin baƙin mai ke turowa, ya danne sarƙar don kada ta yi sako-sako. A wuyanta akwai zoben roba mai hana mai fita, shi ne zafi da shekaru suka busar. In sarƙa ta saki har ta tsallake haƙora, fistin na iya dukan bawul, inji ya lalace.

Ran Asabar na tafi Kano, na sayo sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kashegari da hantsi na shimfiɗa wa dattijon tabarma a inuwa, na cire kan batir, na kama aiki yana ba ni umurni. Noti biyu ne kaɗai ke riƙe da ita, na sifana lamba 10, amma wurin matsattse ne, sai da na kuje bayan hannu. Da na zaro tsohuwar, ya gargaɗe ni kada in kuskura in juya inji. Na danna harshen sabuwar ciki, na saƙale shi da 'yar ƙugiyar da ke jikinta, na shafa wa zoben mai, na zura. Ya ce, "Ɗaure a hankali, Malam, ba huɗa ka ke ba."

Da na gama, murna ta kama ni, na ɗaura batir, na zaro makulli. Ashe ya ji ƙarar makullin. Sai ya daka mini tsawa, "Tsaya! Ka saki ƙugiya?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, har yanzu ba abin da ke riƙe da sarƙarka." Ya sa na kama notin karanshaf da babbar sifana, na juya baya kaɗan. Muka yi tsit. Can sai ga wata 'yar ƙara, ƙas! Shi ya riga ni ji. Na juya gaba, harshe ya danne sarƙa. Sa'an nan ya yarda na tashe ta, ta kuwa tashi lafiya lau, ba tsakuwa ba gwangwani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, saura ƙiris in kashe da hannuna abin da na zo ceto.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Ni mai ido na yi wata uku ina tsallake ɗigon nan, shi kuwa da ba ya gani ya gano tushensa da yatsa. Shekara nawa muna wuce shi a ƙofar gida, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ba wanda ya tuna da abin da ke cikin kansa? Ashe haki biyu na raina, ɗigon mai da maƙwabcina.

Yanzu kowace safiya sai na duba gindin darbejiya kafin in shiga mota, sa'an nan in biya in gai da Baba. Allah ya saka masa da alheri, amin.