Tsohon Magini da Lissafin Zafin Ɗaki

A yankin Funtua da Malumfashi, da zarar an kai masara da waken suya kasuwa kuɗi sun shigo hannu, abin da manomi ke fara tambaya shi ne farashin bandir ɗin kwano. Daga Bakori zuwa Ƙafur, daga Ɗanja zuwa Dandume, rufin da ke walƙiya a rana ya zama shaidar cewa damina ta yi albarka. Akwai wani dattijo, tsohon magini da ya haura shekara tamanin, a wani ƙauye kan hanyar da ta haɗa Funtua da Malumfashi. Ba ya gaba da kwano, har ɗakinsa ma kwano ne. Ƙorafinsa ɗaya ne: mutane sun sayi maganin yoyo, sun bar zafi yana cin karensa babu babbaka.

A hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar, lokacin da gini yake nufin ƙasa. A haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsumu kafin a dunƙula tubali a shanya. Bango yakan fara da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. A jera azarar giginya, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daddaɓe, sannan a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame ya bi indararo. Taga kuwa 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi.

A cewarsa, sirrin duk yana cikin kaurin nan. Rana tana dukan bango tun hantsi, amma zafin tafiyar hawainiya yake yi a cikin ƙasa; kafin ya iso cikin ɗaki magariba ta yi, mutanen gida sun baje tabarmi a tsakar gida. Idan hunturu ya kama, jinkirin nan ya koma alheri, domin ɗumin da bango ya sha da rana shi yake saki da tsakar dare, sa'ad da sanyi ke ratsa ƙashi. Tsofaffi kuma suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a sa 'yan garwashi kaɗan, gado ya ɗau ɗumi har asuba.

Amma kada wanda ya ɗauka dattijon yana kukan zamanin da ya wuce. Ya fi kowa sanin wahalar soro a wannan yanki, inda ruwan sama ya fi na Daura da Jibiya nesa ba kusa ba. Ya sha hawa rufi a watan Agusta yana toshe tsaga, mata na tare ɗigo da ƙwarya. Kowace shekara sai an yi yaɓe, gara na cin azara, giginyar ma ta yi ƙaranci. Tun da layin dogo na Zariya zuwa Gusau ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, aka ga kwano a tasha da kantuna da gidajen gurzar auduga, kowa ya san inda za a ƙare.

Inda aka yi sake, in ji shi, shi ne ɗora kwano a kan bulo mai inci shida, babu silin, babu inuwa. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska ke kusantar digiri 40, kwanon da rana ta gasa yakan haura digiri 60, kuma babu abin da ya raba shi da kan mai ɗaki sai iska. Da can mafita ita ce kwana a waje. Yanzu a ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da Dandume, matsalar 'yan bindiga ta sa magidanci kulle ƙofa da taga tun da wuri, iyali su cunkushe a ɗaki guda, a daidai watannin da sanƙarau ke yawo. Wannan ne ya sa yake ganin maganar ta wuce ta jin daɗi.

Sai kuma kuɗi. Wutar lantarki ta kamfanin KEDCO ba ta kai ƙauyuka da yawa ba, inda ta kai ma ba a rantsuwa da ita. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Janaretan da ake tayarwa don fanka ya koma kayan ado. Wani jikansa da ke haɗa sola a Funtua ya taɓa yi masa lissafi: fankar sama tana jan wajen wat 70, na'urar sanyaya ɗaki mafi ƙanƙanta kuwa ta ninka haka sau goma.

"To Baba, ai sai a ƙara faranti da batir," in ji yaron.

Dattijon ya ce masa ya fara ɗaga kai ya dubi rufin gidan da zai haɗa wa sola tukuna. Ɗakin da aka tare wa zafi daga sama, ƙaramin faranti da fanka ɗaya sun ishe shi.

Abin da yake gaya wa masu zuwa neman shawara bai da yawa. Silin kafin fenti, kafin tayil, ko da na filawud ne. A bar sarari tsakaninsa da kwano, a buɗe 'yan kafofi a ƙarƙashin rufi a sa musu raga, iska mai zafi ta samu hanyar fita ba tare da jemage ya samu ta shiga ba. Tagogi su kalli juna. Bangon yamma, wanda ranar la'asar ke narkawa, a dasa masa darbejiya ko mangwaro tun ranar da aka haƙa tushe, da ɗan tazara saboda saiwa. Wanda ya riga ya gina, ya shafa wa kwanon farin fenti.

Shi bai taɓa jin sunan Francis Kéré ba, amma da sun haɗu da sun fahimci juna. Kéré mutumin Burkina Faso ne, wanda a 2001 ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin ɗin ƙasa domin iska ta ratsa tsakani. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin takaici ne a ce azuzuwan makarantu da yawa a nan, yara ba sa iya zama cikinsu bayan azahar.

Kan sanyi kuwa muryar dattijon takan canza. Kwano ba ya riƙe ɗumi, shi ya sa a Disamba da Janairu ake shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa ruf. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai sa mutum barcin da ba ya tashi, haka ma hayaƙin janareta. Ya ce a ɗumama ɗaki da wuri, a fitar da kasko kafin a kwanta, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a rataya labule mai kauri. Silin ɗin da ya tare zafin bazara shi ne dai zai riƙe ɗumin hunturu.

Don haka mai shirin ɗora rufi a kakar bana, idan ya je wajen mai kwano, ya tambayi kuɗin silin a lokaci guda, ya kuma biya ta wurin masu sayar da dashe kafin ya koma gida.