NA'URAR DA TA SAN INDA KAKE TSAYE



Mu marubutan littattafan Hausa akwai wasu abubuwa da muka daɗe muna cin abinci da su, waɗanda zamani ya zo yana ƙwace mana ɗaya bayan ɗaya. A da idan ina son in raba saurayi da budurwa, wasiƙa kawai zan ba wata 'yar yarinya ta kai, sai wasiƙar ta faɗa hannun kishiyar uwa, shi ke nan na samu babi biyar. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ta kashe mana wannan kasuwa. Abin da ya rage shi ne ɓata a daji. Mota ta lalace, dare ya yi, tauraron labari ya rasa gabas ya rasa yamma, har ya faɗa wata ruga inda zai haɗu da wadda zai aura. To yanzu ko wannan ka rubuta sai ka ji wani yaro ya ce, "Shi ba shi da GPS ne?"

Wannan tambaya, da kuma wani al'amari da ya taso a danginmu, su suka sa na zauna na nemi sanin abin nan da ake kira GPS, musamman 'yar ƙaramar na'urar da ake sawa a aljihu, wadda ma'aikatan gona da matafiya da matuƙan jirgin sama ke yawo da ita.

Ƙanena yana aikin auna gonaki a wani shirin tallafa wa manoma, a wurinsa na fara riƙe ta. Girmanta bai kai sabulun wanka ba, ba ta da fuskar da za ka kalla, sai maɓalli ɗaya da 'yan fitilu. Idan ya kunna ta sai ta haɗu da wayarsa ta Bluetooth, babu igiya, ita tana sauraron sama, wayar kuma tana nuna masa ɗigo a kan taswira. Ba a sa mata layi, ba a sa mata kati, ba ruwanta da ko akwai sabis a ƙauyen. Irin wannan kamfanin Garmin ya fito da wata mai suna GLO a 2012, wadda batirinta kan kai kimanin awa 12.

Yadda take aiki ya fi ba ni mamaki. Kun san idan mutum yana faskare daga nesa, sai ka ga gatari ya sauka sannan daga baya ka ji ƙarar saran, kuma gwargwadon nisansa gwargwadon jinkirin. To haka abin yake. Akwai taurarin ɗan'adam da aka tsara ba za su gaza 24 ba, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana. Kowane ɗaya yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba abin da yake yi sai shela: ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Na'urar da ke hannunka sai ta duba jinkirin da saƙon ya yi kafin ya iso, ta gane nisanta da tauraron. Idan ta ji guda huɗu, ta san inda take. Na huɗun amfaninsa gyara agogonta ne, domin nata agogon na talaka ne, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai jefa ka mita 300 daga inda kake.

Daga nan sai ta ba ka lambobi biyu. Birnin Kano, alal misali, yana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 8 da rabi gabas da layin da ya ratsa Landan. Kowane lungu a bayan ƙasa yana da nasa lambobin, har bakin murhun gidanku.

Asalin abin na sojojin Amurka ne, sun harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. A watan Satumba na 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya saki hanya ya shiga sararin samaniyar Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka ne Shugaba Ronald Reagan ya ce za a bar farar hula su amfana da tsarin. Duk da haka sojojin sun riƙa gurɓata saƙon da gangan, har kuskuren yakan kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Yau Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma na'urori da yawa suna sauraron fiye da ɗaya.

Wani zai ce ai wayoyinmu ma suna da GPS, mene ne na ɗaukar wata daban? Na yi wa ƙanena wannan tambaya. Ya ce saƙon taurarin nan yana isowa a raunane, rufin kwano da inuwar manyan itatuwa da dogayen gine-gine duk suna dame shi. Ita 'yar na'urar kana iya ɗora ta a kan hula ko gaban mota inda take kallon sama sosai, waya kuma tana inuwa, sannan batirin wayar ya huta. Wannan ne ya sa matuƙan ƙananan jirage a Amurka da Turai suke son ta. Sukan ajiye ta gaban gilashin jirgi su haɗa da iPad mai ɗauke da taswirar sama, domin iPad ɗin da ba ya ɗaukar layi ba shi da GPS a cikinsa. Amma a matsayin ƙari suke riƙe ta, ba su yar da sauran na'urorinsu ba, kuma suna da hujja. A ƙarshen Afrilu na 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Istoniya har tsawon wata guda, saboda ana dagula saƙon GPS a yankin.

A nan gida kuwa, inda ta yi mana rana sosai shi ne rigakafin shan inna. Tun daga wajen 2012 aka fara ba masu ɗiga maganin wayoyi masu GPS a jihohin Arewa, wayar tana rubuta duk inda ƙafarsu ta taka. Da aka ɗora sawun a kan hoton da tauraro ya ɗauko, sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka waɗanda babu su sam a taswirar da aka zana da hannu. Yaran da ke can da ba wanda ke zuwa gare su. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya taimaka.

To bari in zo kan namu. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar gona a ƙauyenmu, wadda take maƙwabtaka da ta Baffa, ƙaninsa, domin asali gona ɗaya ce kakanmu ya raba musu. Iyakar layin gamba ce. Shekara da shekaru garmar shanu tana gutsurar gambar nan har ta ɓace. Da aka zo rabon gado a 2021, Inna ta ce 'ya'yan Baffa sun ci mana kunya huɗu. Su kuma suka ce ko taku ɗaya ba su shiga ba. Magana ta yi tsami, har aka yi suna a gidan Baffa Inna ta ce ba mai zuwa daga ɗakinta. Mutanen da muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya, sai ga shi ana gaisawa sama-sama a bakin masallaci.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalin Inna, zan zo da na'ura." Labari ya bazu a ƙauye cewa za a kawo injin da zai faɗi mai gaskiya. Ranar da aka sa, mai unguwa ya zo, Baffa ya zo da 'ya'yansa, yara sun cika bakin gona kamar ana wasan kura.

Ya ɗora ta a kan hularsa ya zagaye gonar a ƙafa, yana tsayawa a kowace kusurwa. Da ya dawo inda ya faro, waya ta ce eka biyar da 'yan kai. Gonar da tun muna yara ake ce mata eka bakwai! Wannan kaɗai ya amfane mu, domin da lissafin bakwai za a yi rabo, da kuma shi ake sayen taki.

Sai Baffa ya gyara tsayuwa ya ce, "To ɗan nan, tambayi abin naka, ina iyaka?"

Ƙanena ya yi shiru, sannan ya nuna masa fuskar wayar. Ɗigon yana nan, amma kewaye da shi akwai wani da'ira mai shuɗi-shuɗi. Ya ce, "Baffa, kun ga wannan zoben? Cewa take yi ina cikinsa, amma tana iya kuskure da mita uku ta kowane ɓangare. Kunya huɗun da ake magana duka suna cikin zoben nan. Kuma ko da ta safiyo aka kawo, wadda ke auna har faɗin yatsa, inda muke tsaye yau kawai za ta faɗa. Ranar da Kaka ya raba gonar nan ba wanda ya rubuta lamba, balle a gwada da ita."

Wuri ya yi tsit. Wallahi ni a lokacin na ji na'urar ta ƙara kwarjini a idona, domin a duk taron nan ita kaɗai ce ta faɗi iyakar saninta. Kowa ya zo da rantsuwa a baki, ita ta zo da mita ukunta.

Wanda ya raba gardamar wani tsoho ne da ya yi wa kakanmu ƙodago yana saurayi. An ɗauko shi a bayan babur, da ƙyar yake gani. Ya ce akwai marke a bakin iyakar ta gabas, an sare shi shekarar da aka yi fari, kuma layin gambar daga gindinsa ya miƙe zuwa tsohuwar rijiya. Aka kawo fartanya aka yi ta tono inda ya nuna, can sai ga kututture baƙi ƙirin a ƙarƙashin ƙasa. Aka ja igiya daga nan zuwa rijiya. Kunya biyu ce ta shiga, ba huɗu ba, ba kuma babu ba. Baffa ya daɗe yana kallon kututturen, sannan ya ce wa babban ɗansa, "Bana ku bar musu biyun nan." Inna da aka kai mata labari ta ce to, Allah Ya kyauta, washegari ta aika wa mai jego da turmin atamfa.

A nan ne na'urar ta yi aikin da ya dace da ita. Ƙanena ya tsaya a kan kututturen ya ɗauki lamba, ya tsaya a bakin rijiya ya ɗauka, haka kowace kusurwa. Aka rubuta lambobin a takarda tare da bayanin alamomin, mai unguwa da shaidu suka sa hannu, kowane gida ya karɓi kwafi. Aka kafa turakun siminti, da damina ta faɗi aka dasa aguwa a tsakani. Tsohon nan ya rasu bayan shekara guda. Da mun yi jinkiri, da abin da ya sani ya bi shi kabari.

Haka abin yake a hanyar hamada. Madugun da ke jan ayarin raƙuma daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri yana karanta taurari da tudun rairayi, ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe. Direba mai GPS zai san inda yake ko da guguwa ta shafe sawu, kuma wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sai dai irin na'urar da nake magana a kai saurare kawai take yi, ba ta aika saƙo. Kana iya sanin lambarka daidai, amma babu wanda ya san kana can. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Akwai wasu na'urori irin su inReach da ke iya aika saƙon neman agaji ta tauraro, amma su sai an riƙa biyan kuɗi.

Don haka shawarata ga duk wanda yake da gona ko fili na gado, musamman mu mata da ake yawan cinye mana rabo saboda muna ɗakin miji a wani gari: kada ku jira sai rigima ta tashi. Tun dattawan da suka san iyaka suna raye, tun ana ga-maciji da maƙwabta, a tara su a zagaya, a ɗauki lambar kowace kusurwa a fili inda babu inuwar itace, a rubuta a takarda da shaidu, a kafa alamar da ido zai gani. In fili ne mai daraja a cikin gari, a nemi safiyo mai lasisi, domin mita uku a birni ɗaki guda ne. Mai tafiya mai nisa kuma ya sauke taswira a wayarsa tun yana inda akwai sabis, ya riƙi abin cajin batir, ya gaya wa na gida hanyar da zai bi da ranar da zai isa, kuma idan ya shiga ƙauye ya yi sallama ya yi tambaya, tun da matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya bar zumunci, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.