Kafin Ka Zuba Kuɗin Bijimai a Kamfanin Gidaje

Aminina,

Ya iyali, ya mutanen Jabo? Saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya. Wato kai da ba ka sayen tunkiya a kasuwar Tambuwal sai ka buɗe bakinta ka duba haƙora, yau kai ne za ka sayar da bijimai biyu ka sayi hannun jari don kawai wani ya ce maka "gida ba ya faɗuwa"?

Gida daban, kamfanin gina gidaje daban. A kasuwar hannun jari ta Legas, wanda ya fi shahara da wannan sana'a shi ne UPDC, mai gina rukunin gidaje a Legas da Abuja. Ya yi shekaru yana asara, bashi ya yi masa katutu, har a 2020 kamfanin Custodian ya sayi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarinsa daga kamfanin UAC. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Irin wannan kamfani yakan ci bashi ya sayi fili ya yi gini, sannan ya zauna jiran mai saye, kuɗin ruwa kuwa ba ya barci. Ka san halin wanda ya ranto kuɗi ya cika rumbu da gero, sai kaka ta zo da araha.

Don haka ka nemi rahoton shekara na kamfanin, na shekara biyar a jere. Duba bashinsa tukuna. Sannan gidaje nawa ya gina suka kwanta ba mai saye? Sau nawa ya raba wa masu hannun jari riba? Ribar da ke kan takarda kawai, wadda ta fito daga sake yi wa fili kuɗi, ba ta sayen ko mudun dawa.

Ni dai ga inda hankalina ya fi karkata. Daga Jabo har Kebbe, wa ka sani da ya sayi gida ginanne a hannun kamfani? Kowa bulo yake tarawa, bana harsashi, baɗi kwano. Mai cin ribar ginin talaka shi ne mai siminti. Masana'antar Kalambaina da muka taso muna kiran kayanta simintin Sakkwato yanzu tana ƙarƙashin BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2020. Dangote Cement ya riga shi tun 2010. Ban ce ka ruga ka saya ba, su ma tsadar gas da faɗuwar naira suna taɓa su, kuma kaya mai kyau ma ana iya sayensa da tsada. Amma aƙalla buhunsu kana ganinsa a shagon garinku.

Na san za ka tayar da maganar halacci. Akwai jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a, ana kiransa Lotus Islamic Index, ka fara da shi, ka kuma tuntuɓi malam a kan zakka.

In ka yanke shawara, bi ta dillalin da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta yi wa rajista, ya buɗe maka asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunanka. Ka tuna faɗuwar kasuwar hannun jari a 2008, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari har yau suna jin jiki. Sayar da bijimi ɗaya, ka bar ɗayan ya yi maka huɗa.

Ka gaida Inna da yara. Sai na zo sallah.

Naka har kullum.