Farar riga a bayan acaɓa: abin da TP ya koya mini

Na ga an liƙa sunayen masu fita koyarwar gwaji, wato TP, ƙannenmu sai murna ake ana kai ɗinki wajen tela. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin nawa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Duk wanda ya tashi a Jimeta ya san tun zamanin Gwamna Murtala Nyako aka hana acaɓa a cikin gari, keke napep ya maye gurbinta. Ni har na manta yadda ake zama a bayan babur. Sai ga shi an tura ni wata ƙaramar sakandare a ƙauye, can ta hanyar Fufore. Daga Jambutu in hau keke, in shiga mota, a sauke ni a wata mararraba. Daga nan kuma babu kwalta, babu mota, sai babur, tafiyar kamar minti ashirin.

Kafin mu fita an ja mana kunne: malami ba ya shiga aji wujiga-wujiga. Ko dai kaftani da hula, ko riga da wando da taye, a cusa riga, takalmi a goge. Kuma sufabaiza ba ya sanar da ranar zuwansa. Ni kuwa duk abin da na mallaka farar riga ɗaya ce da na zaɓo a gwanjo a kasuwar Jimeta, da baƙin wando biyu, da tayen yayana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye ɗan abin da ake turo mini daga gida, to ina maganar riga ta biyu?

Ranar farko na tashi tun kafin asuba. Babu wuta, na hura gawayi na yi guga, har na sa wa rigar sitaci. Na fito fes, Inna tana ta sa albarka. A mararraba ɗan acaɓan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, da wannan kayan za mu shiga?” Na ce masa muje kawai.

Watan Oktoba ne, damina ba ta gama janyewa ba. Akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya kafin a shiga ƙauyen. Muna shiga tayar baya ta soma feshi. Ban ji komai ba, don duk a bayana abin ke sauka. Na sauka a ƙofar makaranta, na gyara taye, na shiga aji da ƙwarin gwiwa. Ina juyawa in rubuta kwanan wata a allo, aji ya ɗauki dariya. Ashe layin laka ne tun daga ƙeya har ƙugu, kamar an ja da buroshi. Wani yaro daga baya ya ce, “Malam, daga gona kake?” Wallahi darasin minti arba'in ne, amma ji na yi kamar na kwana a gaban allon.

A mako na biyu salansa ta ƙone mini ƙafar wando, ta haɗa da fatar ƙauri. Tabon yana nan har yau. Da hunturu ya shigo laka ta ƙare, ƙura ta karɓi aiki. Ka shafa basilin saboda kaushi, ka isa makaranta gira da gashin baki sun yi fari kamar dattijo.

Wanda ya cece ni Baba mai gadi ne. Wata safiya ya same ni a bayan aji ina dirzar wuyan riga da ruwan leda. Ya ce, “Jam na, Malam?” Na ce jam. Ya ɗan tsaya yana kallona, sannan ya ce, “Ɗana, hanya da kayanta, aji da kayansa. Kai ne kake son haɗa su.” Ya buɗe mini ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, ya nuna mini ƙusa a bango.

Daga ranar na sauya tsari, kuma shi nake so ku ɗauka:

Rigar aji ba ta hawa babur a jikinka. Ka goge ta da dare, ka naɗe ta kamar tabarma maimakon ninkewa, ka sa a leda, ledar a cikin jaka. Naɗi ba ya barin layi kamar ninki. Ka hau hanya da tsohuwar riga.

Takalmin aji ya zauna a makaranta, tare da tsumma da ɗan man gogewa. Hanya kuma tsohon kambas, ba silifas ba, saboda yatsunka.

Ƙafar wando ka cusa ta cikin safa. Ba kyan gani, amma ta tsira daga kaca da baƙin mai. Ka hau kuma ka sauka ta hagu, salansa a dama take.

Ƙyalle ko takunkumi a hanci. Idan akwai hular kwano ka saka, ta hana ƙura, ta kuma tsare abin da ya fi riga tsada.

Ka isa da sauran minti ashirin, don ka wanke fuska, gumi ya bushe kafin ka sa rigar.

'Yan uwa mata, naku ya fi namu haɗari. Ku tattare hijabi da bakin abaya a kan cinya, ku riƙe. Mayafin da ya shiga taya ba yagewa kawai yake yi ba, fizgo mutum yake yi ƙasa. Kada kunya ta hana ki ce wa ɗan acaɓa ya tsaya ki gyara.

To, ranar da sufabaiza ya zo fa? Ina cikin ɗakin Baba ina ɗaura taye, sai na ji babur ya tsaya. Na leƙa. Malaminmu ne, babban mutum, ya bar motarsa a mararraba. Ƙura ta yi masa hoda har cikin kunne. Ya gaisa da Baba, ya karɓi buta ya wanke fuska, ya zaro hularsa daga cikin leda, ya ciro tsumma ya kaɗe takalmi. Sai muka haɗa ido, ni da taye a hannu. Ya yi murmushi ya ce, “Kai ma ka gano dabarar ke nan.” Ya zauna a bayan aji har na gama. Abin da ya yi mini gyara a kai shi ne yadda nake jefa tambaya ga 'yan gaba kaɗai. Bai ce komai kan riga ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Da ina ganin ƙurar nan tona asirin talaucina take yi, kamar ni kaɗai ne ba ni da mota. Ashe duk malamin da ya taɓa tsayawa fes a gaban yaran ƙauye, akwai wata leda da wata ƙusa a bayan labarinsa. Yaran ma ba tsadar rigar suke dubawa ba. Suna duba ko ka ɗauke su da daraja har ka gyara jikinka dominsu. Yaron nan da ya tambaye ni ko daga gona nake, kafin mu gama shi ma ya fara cusa rigarsa.

Ranar sallama na kai wa Baba goro da sabulu, na ce useko. Ya ce ƙusar tana nan, in gaya wa wanda zai zo bayana.

To ga shi na gaya muku. 'Yan FCE, 'yan Poli, da mutanenmu na Girei masu fita SIWES, kowa ya faɗi yadda ya ƙare da hanya, ƙannenmu su ƙaru. Allah ya tsare mu a hanya, ya ba mu sa'a.