Uwar Shaihu Umar

A nan Lafani, ko Illela, ko ƙetaren iyaka a Birnin Ƙonni, in ka tambayi yara irin fim ɗin da suke so, za su ce maka mai waƙa. Ba laifinsu ba ne, gama iyayensu ma sun taso da finafinan Indiya, musamman Mother India na 1957. Amma ni ina gani uwar da ke ciki ce ta kama zuciyar mutane fiye da waƙar. Wani fim namu na Hausa ne ya sa na faɗi haka.

Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauchi sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar, domin gasar da Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, shekara goma bayan kisan marubucin. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018.

Sunan Umar ne a bangon littafin, amma shi nasa ya yi kyau. An sace shi yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, har ya zama babban malami. Uwar fa? Ta bar gida tana nemansa, aka yaudare ta a Kano, aka sayar da ita baiwa, aka ƙetare hamada da ita. A takarda wannan tafiya ba ta ɗauki shafi da yawa ba. A majigi kuwa sai ka ga fuskarta da idonka, ko ba ka iya karatu ba.

Mu masu bi ba za mu ji wannan labari ba tare da tuna Yusufu ba, wanda 'yan'uwansa suka sayar a bakin azurfa 20, aka kai shi Masar. Marubucin Musulmi ne, labarin Yusufu kuwa suna da shi, muna da shi. Sai dai Yakubu ya sami shekara 17 a Masar kusa da ɗansa. Uwar Umar ta gan shi ne kawai, ba da daɗewa ba ta rasu.

Na taɓa ba kakata labarin, gama ita ba ta yi makaranta ba. Ba ta tambayi komai a kan ilimin Umar ba. Sai ta ce mini mahara sun tafi da ƙanen mahaifinta arewa yana kiwon awaki, uwarsa kuma ba ta daina ajiye masa tuwon dare ba har ta mutu.