Ashe zubar da fakiti ne maganin!

Kiran murya na ta sarƙewa a ofishinmu, shafuka na jan ƙafa, amma duk gwajin da na yi sai ya nuna ko fakitin bayanai ɗaya bai ɓace ba. Sifili! Sai na bar ping, mai auna jinkirin hanya, yana tafiya a gefe, na fara ɗora wani ƙaton bidiyo. A kan idona lambar ta fara hawa: milisakan 40, sai 300, sai 900, har ta haura sakan 2. Na tsayar da bidiyon, ta faɗo nan take. Na saki, ta sake hawa. Tsigar jikina ta tashi.

Ashe modem ɗin ne ke riƙe komai! Ma'ajinsa babba ne, duk fakitin da ya zo ba ya korarsa, sai ya jera shi a layi kamar motoci a gidan mai. Ku lissafa da kanku: kilobayit 256 a hanyar da ke fitar da megabit 1 a sakan, ai jiran sakan 2 ke nan. Muryar mai kira tana can baya, tana jiran bidiyona ya wuce.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, da ɓacewar fakiti TCP, ƙa'idar aika bayanai a intanet, ke gane hanya ta cika. A Oktoban 1986 hanyar da ta haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ta durƙushe, daga kilobit 32 a sakan zuwa bit 40 kacal. Daga nan Van Jacobson ya fito da gyaran da ya wallafa a 1988: fakiti ya ɓace, mai aikawa ya rage gudu. To modem ɗin da ya ƙi zubar da komai ya toshe wannan saƙon, kwamfutata kuwa sai ƙara turawa take. Jim Gettys ya ci karo da wannan cuta a gidansa a 2010, ya raɗa mata suna bufferbloat. Kuma abin takaici, da kyakkyawar niyya masu ƙera na'urorin suka jawo ta, don ma'aji ya yi arha.

Na ɗora manhajar OpenWrt a kan rauta, na ƙayyade gudun ɗorawa ƙasa kaɗan da ƙarfin hanyar don layin ya dawo hannuna, na kunna fq_codel mai sarrafa layin fakiti. Ping ya zauna daram, ga lambar fakitin da ake zubarwa tana ƙaruwa, ni kuwa ina murna!

Dabarar CoDel da fq_codel ke amfani da ita, wadda Kathleen Nichols da Jacobson suka bayyana a 2012, ba ruwanta da tsawon layi, lokacin da fakiti ya ɓata a tsaye take aunawa. Idan jiran ya ƙi sauka ƙasa da milisakan 5 har tsawon milisakan 100, sai ta zubar da guda. Idan mai aikawa bai rage gudu ba, ta sake zubarwa, tazarar tana ƙara matsewa har layin ya lafa.