Ja da Baya Kafin Ka Ɗauka

Hotunan da muka ɗauka da waya don mujallar 'yan ajin ƙarshe ba su yi kyau ba. Hancin kowa ya kumbura, har wata ta rantse ba za a buga nata ba. Sai malamin Fiziks ya ara mana kyamararsa mai gilashi milimita 85, da sharaɗin in ya fashe mu biya.

Ashe ba laifin fuskokin ba ne, kusanci ne. Da waya mukan matsa dab da mutum, abin da ya fi kusa da gilashi kuwa shi ke yin girma. Wannan gilashin ya tilasta mana ja da baya kamar mita biyu, sai fuska ta fito yadda Allah ya yi ta. Da muka buɗe shi zuwa f/1.8, katangar nan tamu mai datti ta dushe a baya. Sai dai ba ya yafe rawar hannu, mun goge hotuna da yawa.

Ranar Asabar muka auna Dutsen Dala daga nesa. Unguwar ba ta shiga duka ba, amma dutsen ya matso kamar ya jingina da rufin gidaje. Shi muka sa a bangon mujallar.